Mustafa Alhassan: Bakaniken da ya sa kwaɗi yi wa shugabanni habaici

A duk lokacin da masana harkar fim suka zauna lissafa mutanen da suka share fagen fim ɗin zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, sunan da ke fara faɗowa a bakinsu na wani ɗan Jamhuriyar Nijar ne da ya shafe shekarunsa na ƙarshe a garin Tawa. Shi ne Mustafa Alhassan, ko Moustapha Alassane kamar yadda ake rubuta sunan a takardun Faransanci. An karrama shi a Dakar da Wagadugu da Faransa, an kuma baje ayyukansa a New York bayan rasuwarsa. Amma a Kano da Katsina da Dutse da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarinsa, alhali fim ɗinsa na farko sunansa Aouré, wani fitacce daga cikin na baya kuma Kokoa, wato aure da kokawa, kalmomin da kowane Bahaushe ya tashi da su a baki.

Tarihinsa tarihi ne na mutumin da bai jira kayan aiki su cika ba kafin ya fara aiki. Ƙarancin kuɗi da na kayan aiki shi ya tilasta masa taƙaita zanensa, shi kuma ya mayar da wannan taƙaitawa ta zama salo, har ya faɗa wa masu mulki da ma'aikatan gwamnati gaskiyar da mutane da yawa ke tsoron furtawa.

Tasowarsa da wasan inuwa

An haifi Mustafa a shekarar 1942 a N'Dougou, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Sana'ar da ya fara koyo ita ce kanikanci, kuma wannan sana'a ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin mutum ne da in na'ura ta ƙi aiki yakan kwance ta ya gyara, in kuma babu ita ya harhaɗa madadinta.

Tun yana yaro Allah ya ba shi hannun zane. Yakan yanka surorin dabbobi da na mutane a kwali, ya kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta faɗa kan farin ƙyalle, shi kuma yana motsa su yana ba da labari, jama'a sun kewaye shi. A wannan zamani a Arewacin Najeriya motocin majigi na gwamnati ne ke zagaya garuruwa suna haska fina-finan wayar da kai a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi. Shi kuwa yaron nan majiginsa na kansa ya haɗa da kwali da fitila, tun kafin ya san yadda ake riƙe kyamara.

Bayan Nijar ta sami 'yancin kai a shekarar 1960, zanensa ya buɗe masa ƙofa a Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch a cibiyar binciken al'adu da tarihi ta birnin. Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Shi ne ya fito da Oumarou Ganda a fim ɗin Moi, un noir na 1958, shi ne kuma ya lura cewa wannan matashin bakanike ya riga ya gane sirrin hoto mai motsi, abin da ya rage masa kawai kyamara.

Fina-finan farko

A shekarar 1962 Mustafa ya fitar da Aouré, gajeren fim a kan yadda ake neman aure da biki a wani ƙauyen Zabarmawa a bakin kogin Neja. Wannan fim ya riga Borom Sarret na Ousmane Sembène ɗan Senegal fitowa da shekara guda, shi ya sa ake lissafa shi cikin fina-finai na farko da ɗan Afirka ta Yamma ya shirya a ƙasarsa da mutanensa.

A shekarar dai ya yi La Bague du roi Koda, wato Zoben Sarki Koda, wanda ya ɗauko daga labarun gargajiya. Azzalumin sarki ne ya ba wani masunci ajiyar zobe, da sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa. Sarkin ya bi ta hannun matar masuncin ya karɓe zoben ya jefa a kogi, amma sai ga zoben a cikin kifin da masuncin ya kamo. Tun daga nan aka ga inda hankalinsa ya karkata: labarin da talaka ya sani, da kuma mai mulkin da ya wuce gona da iri.

A wannan lokaci ne kuma ya gwada sa zane ya yi motsi, da wasu gajerun gwaje-gwaje guda biyu, ɗaya na mace tana daka gero, ɗaya na mai tuƙa kwalekwale. Zaɓin nan akwai hikima a cikinsa. Ɗaga taɓarya da sauke ta, ko tsoma filafili a ruwa da zaro shi, motsi ne da ke maimaita kansa, don haka zane kaɗan ya isa a yi ta juya shi.

Me ya sa katun ke da tsada?

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda aikin yake. Fim yana gudana ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Mai ɗaukar mutane kyamara ce ke yi masa wannan aiki. Mai katun kuwa sai ya zana kowane hoto da hannunsa, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Fim na minti biyar yana cin hoto 7,200. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu don rage wahala, sai an zana 3,600. Wannan ne ya sa kamfanin Disney na Amurka ya tara ɗaruruwan masu zane kafin ya fitar da Snow White a 1937, inda ake so komai ya yi kama da na zahiri, har da inuwa da naɗin tufafi.

A tsakiyar ƙarni na 20 aka sami masu zanen da suka bijire wa wannan tsari. Wasu da suka bar Disney bayan yajin aikin 1941 suka kafa kamfanin UPA, suka koma zana mutum da 'yan layuka, launi shimfiɗe ba inuwa, ɗaki kuma a nuna shi da ƙofa da fitila kawai. Fim ɗinsu Gerald McBoing-Boing na 1950, labarin yaron da ba ya magana sai dai ya fitar da ƙarar abubuwa, ya ci lambar Oscar. A birnin Zagreb na tsohuwar Yugoslabiya masu zane suka ƙara taƙaita abin, har Dušan Vukotić ya gina mutanensa da da'ira da siffa mai kusurwa uku a fim ɗin Surogat na 1961, wanda shi ma ya ci Oscar.

Wannan salo na faɗin abu da yawa da layi kaɗan baƙo ne a masana'antar fim ta wancan lokaci, amma a ƙasar Hausa tsohon abu ne. Wanda ya taɓa shiga kogunan duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ya ga shanun da mutanen da suka zana a jikin dutse: ƙaho da gadon baya da ƙafafu, an bar sauran ga idon mai kallo, amma ba wanda zai ce ba saniya ba ce. Haka masu sassaƙar ƙwarya da masu zanen bangon soro ke yi. Abin da Turawan UPA da na Zagreb suka zaɓa don ra'ayi, Mustafa ya iske shi ta hanyar larura da kuma idon da ya saba da irin wannan zane.

Zuwa Kanada

Da taimakon Rouch ya sami damar zuwa Hukumar Fina-finai ta Kanada da ke Montreal, inda ya koyi aiki a wajen Norman McLaren. A duniyar katun ta lokacin da wuya a sami malamin da ya fi dacewa da shi. McLaren, haifaffen Birtaniya da ya rasu a 1987, ya yi suna ne wajen yin fim da ƙaramin kayan aiki. Wani lokaci ko kyamara ba ya amfani da ita, kai tsaye yake zane a jikin zaren fim ɗin. Fim ɗinsa Neighbours na 1952, a kan maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure guda, shi ma ya ci Oscar. Darasin da ɗalibin ya ɗauko shi ne mutum ɗaya, da tebur da alƙalami da haƙuri, zai iya yin fim ɗin da za a kalla a ko'ina.

Sakamakon wannan tafiya shi ne La Mort de Gandji, wato Mutuwar Gandji, na 1965, labarin wata masarautar kwaɗi da fadawanta. A watan Afrilun 1966 aka nuna shi a bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko da Shugaba Léopold Senghor ya shirya a Dakar, ya kuma ciyo lambar yabo. Wannan biki shi ne Najeriya ta karɓi baƙuncin na biyunsa a 1977, wato FESTAC, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna.

Shugaban ƙasar kwaɗi

Daga nan kwaɗo ya zama tambarinsa. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, wato Sauka lafiya Sim, fim na kusan minti biyar, baƙin layi a kan fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne da takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyata ziyarar aiki. Abin da ke cikin fim ɗin bai wuce abin da kowa ya saba gani ba: rakiya, jirgin sama, tarba, faretin soja, girmamawa iri-iri. Sai dai duk masu yin wannan kwaɗi ne masu tulun ciki da ƙwala-ƙwalan idanu, sun sha kayan mulki suna taƙama. Ba a zagi kowa ba, ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ya kalla ya san inda aka dosa.

Shekarar da fim ɗin ya fito ita ta ƙara masa nauyi. A watan Janairun 1966 sojoji suka kifar da gwamnati a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Upper Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, da kuma Najeriya. A watan Fabrairu aka hamɓarar da Kwame Nkrumah na Ghana yana kan hanyar ziyara a ƙasashen Asiya. A Nijar kuwa jam'iyya ɗaya ce ke mulki a ƙarƙashin Diori Hamani, har zuwa 1974 da Seyni Kountché ya kawar da shi. A irin wannan yanayi ba kowa ke da ƙarfin halin yi wa shagalin masu mulki dariya ba. Mustafa ya bi hanyar da masu tatsuniya suka daɗe da sani: abin da ba a iya faɗa wa sarki a fuska, sai a sa shi a bakin Gizo.

Kaboyi a Sahel da ma'aikacin da ya ci amana

Bai tsaya ga katun kaɗai ba. A 1966 ɗin dai ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa, har wasa ya koma zubar da jini. A wannan fim Zalika Souley ta fito, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a yankin, tare da Djingarey Maïga da shi ma ya zama darakta daga baya. Tambayar da fim ɗin ya yi, wato me kallon fina-finan waje ke yi wa tarbiyyar matasa, har yau ana yin ta a kowane gida.

A 1972 ya fitar da dogon fim ɗinsa F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu da ke nufin mata, motoci, manyan gidaje da kuɗi. Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikaci mai rufin asiri, wanda son burga da nauyin aure fiye da ƙarfin albashinsa suka kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan yari. An nuna fim ɗin a bikin FESPACO na Wagadugu na wannan shekara, ya sami lambar yabo, yayin da babbar lambar bikin ta tafi ga ɗan ƙasarsu Oumarou Ganda saboda Le Wazzou polygame. A wancan lokaci Nijar tana sahun gaba a fim ɗin Afirka.

Da fari ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, ya haɗa hannu da Bajamushiya Anna Soehring suka yi Toula, daga wani labari na marubuci Boubou Hama, a kan budurwar da aka sadaukar don a sami ruwa. Ya kuma tsallako Najeriya ya ɗauki fim ɗin Shaki a 1973, a kan naɗin sarauta a garin Shaki na ƙasar Yarbawa. A 1977 ya koma ga fim mai motsi da Samba le grand, wannan karon da 'yan tsana masu launi da ya ɗinka wa tufafi, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka hoto bayan hoto. Ya kuma shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai tsawon shekara 15.

Zaman Tawa

Da harkar fim ta ja baya a Nijar, tallafi ya ƙafe, gidajen silima suka fara rufewa, Mustafa ya tattara ya koma Tawa, babban birnin ƙasar Adar. Ya buɗe masaukin baƙi don ya riƙe kansa, ya mayar da wani sashe nasa ɗakin aiki, cike da 'yan tsana da tsofaffin kyamarori da kayan gyara. Yakan kuma ɗora majigi a mota ya shiga ƙauyuka yana nuna wa mutane fim, kamar yadda ya fara yana yaro.

Tawa gari ne na kokawa. A nan aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa ta farko a 1975, wadda har yau ake ba zakaranta takobi. Daga wannan fage ya ɗauko Kokoa, wanda ya fara fitarwa a 1985 ya kuma sake waiwaya a 2001. 'Yan kokawar kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsaye, ga alƙalin wasa, ga makaɗa, ga 'yan kallo suna sowa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa a Maraɗi ko Sakkwato zai gane kowane taku da kowace tsayuwa. Da kwamfuta ta zo, bai ce tsufa ya hana shi ba. Ya zauna ya koyi yin katun da ita, ya kuma koya wa matasan da ke zuwa wurinsa.

Bukukuwan da suka riƙe sunansa

Gajeren katun ba shi da kasuwa a gidan silima, domin ba mai sayen tikiti don kallon minti biyar. Kasuwarsa ita ce bikin baje kolin fina-finai, inda masu zane da masu saye da masu ba da tallafi ke haɗuwa. Bikin Annecy na Faransa, wanda ya fi kowanne girma a fagen katun, an fara shi a 1960, na Zagreb a 1972, na Ottawa a Kanada a 1976, na Hiroshima a Japan a 1985. A Afirka kuwa FESPACO, da aka fara a 1969, shi ya zama dandalin masu fim na kowane iri.

Irin waɗannan tarurruka su suka hana sunan Mustafa ɓacewa a shekarun da ba a nuna fina-finansa a gida. A 2007, a lokacin bikin fina-finai na Cannes, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka fitar da fim a kan rayuwarsa da aikinsa. Jean Rouch bai ga wannan ba, domin ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004.

Mustafa Alhassan ya rasu ranar 17 ga Maris, 2015, a Wagadugu, birnin da ya sha zuwa baje fina-finansa. Shekara biyu bayan haka, a 2017, gidan adana kayan fasahar zamani na New York, wato MoMA, ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa.

Abin da ya bari

A yau ɗalibin fim a Paris ko New York ya fi yaron Tawa ko na Birnin Kudu damar ganin Sim da kwaɗinsa. Masana'antar Kannywood ta cika gidaje da fina-finan Hausa, amma katun ɗin da yara ke kallo a talabijin da waya yawanci daga waje yake zuwa, da jarumai da ɗabi'un da ba na nan ba. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne tsada da rashin kayan aiki. Ga shi kuwa wayar da ke aljihun ɗan kasuwa ko ma'aikaci a yau tana iya ɗaukar hoto bayan hoto, ta jera su, ta sa musu murya, aikin da a 1965 sai da Mustafa ya je har Kanada kafin ya sami na'urar yin sa.

Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kura suna nan, filayen kokawa da dambe suna nan, ma'aikata irin Ali na F.V.V.A. ma ba su ƙare ba. Yawancin katun ɗin da ya bari gajeru ne, 'yan mintoci kaɗan, kuma da sassan koyar da fim da aikin jarida na jami'o'in Kano da Zariya da Dutse za su nemo su su nuna wa ɗalibai, da an sami masu ɗorawa daga inda bakaniken Tawa ya tsaya. Allah ya jiƙansa da rahama.